Batirin Baba Shekari

A layinsu na bayan kasuwar Sabon Tasha, duk wanda ya wuce ta tagar gidan Rhoda zai ji wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar minsharin mai gajiya. Na'ura ce a ɗakin mijinta, Baba Shekari. Tana tace iska, tana tura masa ta wata siririyar roba da ke maƙale a hancinsa. Likita ya ce ƙurar audugar da ya shaƙa shekara da shekaru a masaƙa a Kakuri ita ta cinye masa huhu. Masaƙar ta daɗe da rufewa, tarin bai tafi ba. Idan na'urar ta tsaya, yakan jure na ɗan lokaci, daga nan leɓɓansa su soma duhu, ƙirjinsa ya riƙa ɗagawa kamar wanda ya hau dutse da gudu.

Tun farkon mako aka ɗauke wuta. Wasu na cewa babban layi ne ya faɗi, wasu na cewa taransfomar unguwa ce. Rhoda ta daina tambaya. Da janareta take rayar da na'urar, janaretan kuma da safiyar Asabar ya yi tari ya mutu. Godwin, ɗansu mai tuƙa keke napep, ya ɗora shi ya kai wa makaniki, ya ce kafin yamma zai dawo da shi. Abin da ya rage shi ne batir da inbata, mai juya cajinsa zuwa wutar gida, da ke kusurwar falo. Ta san halinsu: idan na'urar kaɗai ke ja, za su kai yamma. Don haka ta kashe firji, ta kashe fanka duk da zafin da ake yi, ko wayarta da ta mutu tun jiya ba ta saka a caji ba.

Rana ta take ta jiyo waƙa daga bakin layi, da kiɗan tulu da caki. Zumuntar matan cocinsu ce, sanye da zane iri ɗaya, sun zo gaida mara lafiya. Ta manta an sanar ranar Lahadi. Mama Jemimah, shugabarsu, ita ce a gaba, mace mai jiki da murya, wadda ko raɗa ta yi sai an ji a tsakar gida. Ita ce ta tsaya a coci bara har aka haɗu aka saya wa Baba Shekari wannan batir.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi mai jiki, aka tambayi gajiya. Rhoda ta shimfiɗa tabarma, ta zagaya baya ta ɗebo musu ruwan randa. Ko da ta dawo, abin da take tsoro ya riga ya faru. A wannan gari, duk wanda ya shiga gidan da ke da wuta, soket yake nema kafin wurin zama, kuma ba a neman izini, kamar ruwan sha ne. Wata ta zo da doguwar waya mai baki da yawa a jakarta, an jona ta a bango, wayoyi sun yi layi a kanta kamar 'yan tsaki a kwanon tsaba. Akwai fitilun caji, akwai rediyo. Wata ta jawo fankar da Rhoda ta jingine a lungu ta kunna.

Rhoda ta matsa kusa da shugabar, ta ce mata a hankali batirin na Baba ne, janareta kuma yana wurin gyara.

"Haba Maman Godwin," in ji Mama Jemimah tana dariya. "Waya me take ci? Sauro ma ya fi ta sha. Ki bar mata su ɗan samu, wasu ko muryar 'ya'yansu ba su ji ba tun Litinin."

Gaskiya ne waya ɗaya ba ta cin komai. Rhoda ta dubi wayoyin, ta dubi fanka, ta dubi lasifikar da ake jonawa don Baba ya ji waƙa daga ɗaki. Ta buɗe baki, sai ta hango shi ta ƙofa. Ya tashi zaune, ya jingina da filo, yatsunsa na buga gefen gado daidai da kiɗan. Shekaru ya yi a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma rabon da ya ga fuskoki da yawa haka a gidansa ta manta. Deborah, matar Nuhu mai aski, ta leƙa tana tsokanarsa, wai ya ƙi zuwa coci ne don kada a sa shi jan baiti. Ya ce mata, yana tsayawa yana jan numfashi, tun da ya daina zuwa ya ji labari ko awakin unguwa sun daina tsayawa sauraro. Aka kwashe da dariya.

Rhoda ta zauna kusa da inbata. Korayen fitilun da ke nuna ƙarfin batir ta zuba wa ido. Aka yi waƙa, aka ƙara wata, aka karanta Zabura. Fitila ɗaya ta mutu. Ta ce a ranta da an gama addu'a za su tashi. Amma Mama Jemimah ba ta gajeriyar addu'a. Ta fara da mara lafiya, ta bi ta kan matarsa da ɗansa, ta shiga marayu da gwauraye, ta juya kan masu mulki da masu riƙe da wutar ƙasar nan.

Idanun kowa a rufe suke, shi ya sa ba wanda ya lura ɗaya daga cikin matan, Maman Precious, ta lallaɓa kicin. Ta zo da citta da lemun tsami daga gida, don a ƙauyensu da shi ake maganin tari, tana so Baba ya sha da zafinsa da zarar an ce amin. Ta cika kofi da ruwa, ta tsoma hita, ta jona.

Inbata ta yi wata doguwar ƙara. Lasifika ta yanke a tsakiyar kalma, fanka ta rage gudu ta tsaya. A ɗaki, gurnanin na'ura ya ɗauke.

Rhoda ta miƙe zumbur. Ta tsallake ƙafafun mata ta fizge doguwar wayar daga bango, wayoyi suka zube a siminti, murfin wata ya yi tsalle ƙarƙashin kujera. Ta cire fanka, ta cire lasifika, ta shiga kicin ta zare hita daga hannun Maman Precious. Ta dawo ta durƙusa ta kashe inbata ta sake kunnawa. Na'ura ta tashi. Sai dai babu sauran koriyar fitila, jar ce kaɗai ke ƙiftawa.

"Ba mu ce amin ba," in ji wata daga baya.

"Ku faɗa a waje," in ji Rhoda. "Mama, don Allah ki fitar da su. Iskar ɗakin ma kuna shanye masa."

Mama Jemimah ta dube ta. Rabon da wani ya katse mata addu'a, ko fasto, ba a tuna ba. Ta dubi jar fitilar, ta tambaya zuwa yaushe za ta kai. Rhoda ta ce ba ta taɓa barin ta kai ja ba, don haka ba ta sani ba.

Matan suka fita tsakar gida, kowacce na tsintar wayarta. Shugabar ta ce duk wadda tata ta kama ta fara kira. Deborah ta samu Godwin. Ya ce makaniki ya buɗe janaretan ya tarar waya ta ƙone a ciki, an aika ƙetaren gada neman wata, bai san lokacin da za a dawo ba. Aka kira dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin janaretan coci, ya ce yana Kafanchan wurin jana'iza, makullin na aljihunsa. Maƙwabcin da ke da babban inji ya ce ba shi da ko ɗigon mai. Ana cikin haka inbata ta yi ƙara gajeriya, na'ura ta sake tsayawa, wannan karon ba ta tashi ba.

Rhoda ta buɗe tagogi duka. Ta zaunar da mijinta, ta sunkuyar da shi gaba kan filo kamar yadda nas ta koya mata, ta ce ya ja ta hanci ya saki ta baki a hankali. Ta ɗauki murfin kwano tana masa fifita. Ya so ya yi magana, ta ce ya adana. Tana kallon leɓɓansa. Daga waje tana jin Deborah tana faɗa wa mijinta a waya, ba da muryar roƙo ba, cewa ya kashe janaretan shago ya kawo yanzu, wanda ke kan kujera ya jira ko ya tafi da rabin kai. Maman Precious na zaune a bakin kicin da kofinta a hannu, ba mai yi mata magana.

Leɓɓan sun soma duhu lokacin da aka ji ƙarar baro a layi. Nuhu ne, da rigar aski a jikinsa, gumi ya jiƙe shi, yana turo ƙaramin janaretansa. Ya ajiye a tsakar gida nesa da taga saboda hayaƙi, ya ja waya zuwa ɗaki, ya ja igiya. Sai a ja na uku ya kama. Na'ura ta yi ƙara, ta koma gurnaninta. Rhoda ta gyara robar a hancin mijinta, ta riƙe kafaɗarsa. An daɗe kafin ƙirjin ya lafa, an ƙara daɗewa kafin duhun ya bar bakinsa.

Matan suka tafi ba waƙa. Mama Jemimah ta tsaya a ƙofar ɗaki, ta ce za ta yi magana a coci gobe, a yanka makulli na biyu na ɗakin janaretan coci a bar shi a gidan nan. Ta ce kuma za su dawo su ƙarasa addu'ar. Rhoda ta ce Allah ya kai mu.

Nuhu ya zauna a kan baronsa yana share wuya. Ya leƙo ya gaida Baba, sannan ya ce, cikin jin nauyi, yau Asabar ce, gobe coci, shagonsa cike yake da masu jira, man da ke ciki kuma ba shi da yawa.

"Mama, Godwin ya ce yaushe?"

"Bai ce ba."

Ya gyaɗa kai, ya ciro wayarsa ya duba, ya mayar aljihu. Rhoda ta ɗauko tata daga aljihun tebur, ta jona a jikin janaretan, ta zauna a dokin ƙofa inda za ta iya ganin mijinta da bakin layi a lokaci ɗaya, tana jiran wayar ta kama.