Wuƙar da Rekiya Ta Haɗa

Rekiya tana cikin takaba aka kawo kwalin. Wani mai babur ne ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu da ke Kubwa, ya ce oga Manniru ne ya yi odarsa ta intanet. Yayarta Kubra, wadda ta zo daga Zariya don ta taya ta zama, ita ta karɓa. Ba ta gaya wa mutumin cewa Manniru, mijin Rekiya, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bwari ba. Godiya kawai ta yi, ta rufe ƙofa.

A cikin kwalin akwai ruwan wuƙa marar kaifi, da katako biyu na mariƙi, da ƙusoshin tagulla, da gam, da sanfefa ta goge katako. A jikin murfin an rubuta da Turanci cewa na 'yan koyo ne.

"Me zai yi da wannan?" in ji Kubra. "Mutumin da ko ƙwan lantarki ya mutu sai ya kira mai gyara?"

"Ban sani ba, Yaya."

Da gaske ba ta sani ba. Bai taɓa yi mata zancen ba. Ta jira ta ji haushi ko tausayi, ba ta ji komai ba.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, yini ya yi mata tsawo. Wata rana bayan azahar ta ɗauki kwalin ta zauna a barandar bayan kicin, ta nemo bidiyon yadda ake haɗawa a wayarta. Ta shafa gam, ta manna katakon hagu da dama. Ƙusa ɗaya ta ƙi shiga, sai ta buga ta da taɓaryar daka yaji. Ba ta da abin matsewa irin na mutumin cikin bidiyon, don haka ta ɗora tukunyar gas a kai ta bar shi ya kwana.

Washegari ta fara gugar mariƙin. Haka ta riƙa yi kullum, garin katako yana zuba a kan zaninta. Kubra ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ba ta ko ƙifta ido.

"Rekiya, ki ba ni abin nan in ajiye miki."

"Ba abin da zan yi wa kaina, Yaya. Katako nake gogewa."

Amma Kubra ba ta tashi ba.

Ranar da take wasa bakin a kan dutse, wuƙar ta zame ta yanke ta a babban yatsa. Ta tsaya tana kallon jinin yana ɗiga a siminti. Kubra ce ta yi salati, ta ruga ta kawo auduga ta ɗaure mata.

Wuƙar ta kammalu da mariƙi a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ga busasshen gam a gindinsa. Kubra ta gwada ta a kan kabewar miyar dare.

"Tana ci," ta ce. "Sai dai tana jan hannu hagu."

"To."

Rekiya ta wanke ta, ta saka a durowa tare da cokula. Ta share barandar tas. Sannan ta koma falo ta zauna, ta ɗora hannuwanta a cinya, tana jiran a kira magariba.