Ranar da Kifin Auta Ya Hau Jirgi

Ni na fara ganin kifi ya hau jirgin sama, kowa ma ya zo bayana. A lokacin ina dako a bakin filin jirgi, gashina baƙi wuluk. Na leƙa ta shingen waya na ga ana tura wasu fararen akwatuna cikin jirgi, hancina ya ce mini kifi ne. Da na koma kasuwa na ba da labari, sai da wani ya faɗo daga kan benci don dariya. Tun ranar suka laƙaba mini Kifi-a-Sama. Masu dariyar nan yawancinsu ƙasa ta rufe musu ido, Allah ya jiƙansu. Ni kuwa kwalekwale ya kife da ni na fito, kasuwa ta ci wuta da ni a ciki na fito, likita ya taɓa cewa a kira 'yan'uwana, ga ni nan ina cin abinci har da ƙari. Ban taɓa zama a aji ba. Jikata ce ke rubuta wannan, na kuma ce mata in ta rage kalma ɗaya zan gane.

Autata ce ta gaje ni a sana'ar kifi, amma ita da waya take kasuwancinta. Ta samo wani mai gidan abinci a wata ƙasa can ƙetaren teku, ya ce yana son kifi ɗanye, wanda bai taɓa daskarewa ba. Sharaɗinsa ɗaya: in kayan farko ya iso da kyau, kowane mako zai karɓa, in ya iso da wari ko a daskare, kada ta sake kiransa. Yarinyar nan ta ajiye aikin ofis saboda wannan harka, mijinta ma ya jingina da ita. Kun ga ke nan ba wasa.

Ranar tafiya da safe aka jera kifin a fararen kuloli marasa nauyi, irin waɗanda farce ma ke hudawa, aka zuba ƙanƙara aka rufe. Auta ta shiga ɗaki amsa waya. Na duba gindin kulolin nan, ba ƙofa ko ɗaya! Duk wanda ya san kifi ya san ba a barinsa ya kwanta cikin ruwan ƙanƙara, laushi yake yi. Tun kakanninmu ake huda gindin mazubi ruwa ya tsiyaye. Na zaro ƙusa daga aljihu na bi su ɗaya bayan ɗaya, tsaf, ban gaya wa kowa ba, don aikin kirki ba ya son shela.

Surukina ya ja mota, ni a gaba, Auta a baya tana ta duba agogo. Muka isa wurin karɓar kaya, wani ƙaton zaure mai ƙofofi kamar bakin kogo, motocin ɗaga kaya suna kai da kawowa. Aka ɗora kulolinmu a sikeli. Mai sikeli, wani dogo mai furfura a gemu, ya durƙusa ya shafa ƙasa, ya shinshina yatsansa.

“Hajiya, kayanki na yoyo.”

“Yoyo kuma? Sababbi ne fa!” in ji Auta.

Ya ɗaga kula ɗaya, ruwa na zuba tsiririri ta ƙofar da na yi. Auta ta juyo a hankali. Ba ta kalli mijinta ba, ni ta kalla.

“Baba.”

“Na'am.”

“Ina ƙusar nan taka?”

“Tana nan lafiya,” na ce. “Kuma ki gode mata, da yanzu kifinki na iyo.”

Mai sikeli ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, “Baba, a ƙasa kana da gaskiya. Amma ruwan kifi in ya zuba a cikin jirgi, ƙarfe yake ci, ya bi wayoyi. Ko ɗigo ɗaya matuƙi ba zai ɗauka ba. Kuma an kusa rufe karɓar kaya.”

To, ni har gobe ina nan kan bakana: hudar nan daidai ce. Sama ce ke da nata tsarin, kuma ba wanda ya aiko mini da shi. Amma da na ga idon Auta ya kawo ruwa, sai na bar musun nan take.

A layin kusa da mu akwai wata dattijuwa mai aika ɗanyen wake, ta daɗe a harkar, kowa na ce mata Mai Wake. Ta ji komai.

“Kai tsoho mai ƙusa,” ta ce, “ina da ragowar kuloli a mota, da leda mai kauri, da ƙanƙarar da ke ɗaure a jaka, wadda ko ta narke ba ta zuba. Amma ka fara miƙo ƙusar nan tukuna.”

“Ke da ganin farko sai ki raba ni da makamina?”

“Miƙo, kafin ka huda jirgin ma!”

Na miƙa. Sai wata matsalar: ba a juye kifi a zafin zaure, ɗakin sanyi na kayan lambu kuwa ya cika maƙil. Ɗakin daskararren nama kaɗai ke da wuri. Mai sikeli ya ce, “Ku shiga, amma ku yi sauri. In kun daɗe kifin zai daskare, ku ma haka.”

Aka miƙo mini rigar sanyi na ce ba na so. Aka buɗe ƙofa, wani farin hayaƙi ya fito ya mare ni, na ce a kawo biyu.

Jama'a, na ga sanyi a duniya, amma wannan uban sanyi ne. Gashin hancina ya sandare. Naman da ke jere a katako, in ka ƙwanƙwasa, ƙara yake kamar ƙofa. Muka raba aiki: Auta na shimfiɗa leda da jakunkunan ƙanƙara, ni ina jera kifi, ciki ƙasa baya sama, kai da wutsiya, surukina na ɗaurewa yana naɗa salatif. Ba a jima ba haƙoransa suka fara kaɗawa.

“Ba-ba-baba, yatsuna sun mutu.”

“Ka yi musu addu'a ka ci gaba! Da ka zo neman aurenta ba cewa ka yi ko wuta za ka shiga ba? To ga ƙanwar wuta.”

Auta ta fashe da dariya tana hawaye. Na cire safar hannu don tana rage mini sauri, na riƙa damƙo kifi da hannu tsirara ina taɓa cikin kowanne, in ji bai fara tauri ba. Kula ta cika, a tura waje, wata ta shigo. Mai Wake na bakin ƙofa tana ihu, “Saura kaɗan! Tsoho, ashe da sauranka!” Da saurana mana. Kula ta ƙarshe na rufe ta da kaina, na fito ina tafiya kamar an sa mini katako a gwiwa.

Mai sikeli ya sake durƙusawa, ya shafa gindin kowace kula, ya duba tafinsa. A bushe. Ya buga musu tambari, motar ɗaga kaya ta sure su ana jan ƙofa. Muka tsaya a bakin shingen waya, daidai inda na tsaya ina saurayi, har jirgin ya ɗaga hanci ya shige gajimare. Na ɗaga hannu na yi ihu, “Kifi a sama!” Masu gadi suka waiwayo, ban damu ba.

Washegari da hantsi wayar Auta ta yi ƙara. Mai gidan abincin nan ne, ga fuskarsa a gilashi, sanye da farar hular masu dafa abinci. Ya ɗago kifi ɗaya, irin jerin da na yi, ya danna shi da yatsa, naman ya dawo. Ya buɗe kunnen kifin, ja zur. Ya yi ta surutu da yarensu, Auta ta dafe baki, ta juyo ta ce, “Baba, ya ce mako mai zuwa a ninka!” Gidan ya kaure da guɗa, har maƙwabta suka shigo ba sallama.

Ƙusata har yau tana hannun Mai Wake, ta ce sai na zo da kaina na roƙa. Zan je, amma ba don ƙusar ba.

Wanda kuma ya ce ƙarya nake, kada ya tsaya musu a bakin shago. Ranar aika kaya ya biyo ni, a buɗe mana ɗakin nan mu shiga tare, riga ɗaya ɗaya, a ga wanda zai fara ƙwanƙwasa ƙofa.