"Ke" da "Ku" a Bakin Ilinca

Ilinca jikata ce, 'yar ɗana na fari. A hannuna ta tashi a ƙauyenmu na bakin kogin Jiu, kuma tun tana ƙarama ko kaza ba a zalunta a gabanta ta yi shiru. Da ta tafi jami'a a birni karatun lauya, ba a daɗe ba ɗalibai suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu. Mataimakiyarta Sidonia ce, aminiyarta, ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya suke ci. Sidonia ta fito ne daga ƙabilar nan da ake rainawa a ƙasarmu, wadda mu tsofaffi muka saba kira Tsigan. Ranar da na faɗi kalmar muna cin abinci, Ilinca ta ajiye cokali.

"Kaka, Roma ake cewa. Waccan kalmar zagi ce."

"To, malama lauya, na ji. A bar ni in ci tuwon masarata, ko shi ma an sake masa suna?"

Ta yi dariya, amma ba ta ɗauki cokalin ba sai da na maimaita yadda take so.

Su biyun suka yi ta kai da kawo har hukumar jami'a ta ba su wani zaure ya zama ɗakin karatu na 'ya'yan ƙauye. Ranar buɗewa aka gayyaci iyaye, ni ma na sa kwat ɗin zuwa coci na hau bas. Ilinca ta tsaya a ƙofa da burodi da gishiri, kamar yadda ake tarbar baƙi. Tarbiyyar da na yi mata ba ta zube ba. Duk macen da ta yi sa'ar uwarta, sai ta rusuna ta ce, "Na sumbaci hannunku, ku shigo." Haka muke yi. Babba "ku" ake ce masa, "ke" da "kai" na yara ne da abokan wasa.

Can sai ga Sidonia da mahaifiyarta Zambila, dattijuwa da dogon siket mai jan fure da ɗankwali, ta rungumo tukunyar naɗin kabeji da nama tun daga garinsu. Ilinca ba ta taɓa ganinta ba. Ta miƙa wa wani farantin burodin, ta ruga ta rungume ta.

"Ke ce maman Sidonia! Shigo mana, kawo tukunyar. Kin sha hanya, zo ki zauna nan gaba."

Zambila ta yi ta murna tana sa albarka. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Na dubi Sidonia, na ga kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara.

Ilinca ta hau ta yi jawabi a kan cewa ɗan Adam ɗaya ne, zaure ya ɗauki tafi. Sidonia hannunta na kan cinya. Da aka watse ana kwashe kujeru, ina zaune a gefe ina hutar da gwiwa, sai na ji su.

"Uwar Horia me kika ce mata a ƙofa?" in ji Sidonia. Horia shi ne sakataren ƙungiyar.

"Gaishe ta na yi."

"Da me?"

"Na sumbaci hannunku. Me ya faru ne?"

"Tawa fa?"

Ilinca ta ce, "Haba Sido, rungumar ta fa na yi! Ita kaɗai na runguma duk wurin nan."

"Ban tambaye ki runguma ba. Yau kika fara ganinta, kuma ta girmi uwar Horia. Direban bas 'ke' ya ce mata. Ɗan sandan tasha 'ke' ya ce mata. Duk hanya ina cewa, Mama, yi haƙuri mu isa, za ki ga Ilinca."

"Wallahi ban sani ba. Ban ma ji kaina ba."

"Na sani. Da da gangan kika yi, da mun yi faɗa ya wuce."

A makon nan Sidonia ta ajiye muƙaminta, ta kwashe kayanta ta koma wani ɗaki. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Inda aka yi shiru kuwa, baki ba ya rasa abin cika wurin. Aka fara cewa dama 'yan ƙabilarsu haka suke, ba sa zama wuri ɗaya, ka ɗauke su ka ɗora su sauka da kansu.

Ilinca ta zo gida ranar Asabar ta rame. Ta same ni ina daddatsa itacen hunturu.

"Kaka, ni ce fa na kawo ta ƙungiyar. Ni na yi faɗa da masu zaginta. Ta ina wannan abin ya shige ni?"

"Ta inda hayaƙi ke shiga riga," na ce. "Ba ki kunna wutar ba, amma a gidan kika kwana. Laifi tudu ne, kin daɗe kina hango na wasu. Yanzu ana cin naman yarinyar nan a kan abin da bakinki ya yi, ke kuma kina nan kina tambayata ta ina. Shugaban da ya bari wani ya ɗauki kayan laifinsa ba shugaba ba ne. Tashi ki ba ni wuri."

Ta koma ta tara ɗalibai ta faɗi abin da ya faru, ba ta rage ba. Ta ce in sun ga ba ta cancanta ba, su sauke ta. Abin da ta gaya mini daga baya shi ne dariya aka yi. Horia ya ce, "A kan harafi ɗaya? Shugaba, ki bar mu mu je cin abinci." Ba wanda ya ɗaga hannu a sauke ta. Ta ce da sun kore ta da ya fi mata sauƙi.

Sai ta roƙe ni in raka ta garin su Sidonia. Gidajensu na can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Muka tarar da Zambila tana shanya. Ilinca ta rusuna har ƙasa.

"Na sumbaci hannunku. Na zo neman gafararku ne. Ranar nan na ce muku 'ke'."

Matar ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta rasa gane zancen. Da ta gane sai ta fashe da dariya.

"Shi ne kuka biya kuɗin mota? Wa zai ce da ni 'ku', ranku ya daɗe? Tun da aka haife ni ban ji ba. Ai ku ne kuka zaunar da ni a gaba, har na ba maƙwabta labari."

Ilinca ta kama hannunta za ta kai baki. Zambila ta fizge da sauri tana goge shi a jikin siket, tana cewa da kumfar wanki, kada ta ɓata mata fuska. Nan jikata ta fashe da kuka, dattijuwar na lallashinta ba ta san me ake wa kukan ba.

Sidonia ta fito bakin ƙofa. Ta gaishe ni yadda ya kamata, ta kawo mana kofi, ta tsaya har muka shanye. Ilinca ta ce, "Sido, ki dawo. Ko ba ƙungiyar ba, ki dawo ɗakin."

Sidonia ta karɓi kofunan. Ba fushi a fuskarta, sai gajiya.

"Na ji abin da kuka faɗa a taro, kun kyauta," ta ce. "Ku gaida gida, shugaba. Ku yi sauri kada bas ya wuce ku."

Muka taka har bakin kwalta. A cikin bas Ilinca ta jingina kai da taga ta ce, "Kaka, kun ji? 'Ku' ta ce mini."

Na ce na ji. Magana zarar bunu ce.