Hannun Hagu a Falon Gwaggo Zaratu

Baha'uddeen dai ya rantse mai zane zai zama, kuma da fentin mai, irin na Turawan da. Duk Asabar sai ya hau jirgin ƙasa na Overground daga unguwar Edmonton ya tafi aji, ya dawo yana wari kamar wanda ya kwana a gareji.

Malamarsu, Tina, ta ba kowa hoton wani tsohon zane ya kwaikwaya. Wanda nasa ya fito sak, ba ragi ba ƙari, shi za ta kai babban gidan zane na wajen Charing Cross, ya yi aiki gaban na ainihi. Mutumin naka har ya zaɓi hular da zai sa ranar.

Shi hoton mashaya ya samu. Ɗaki mai duhu, ƙarti biyar kewaye da tebur, ɗaya ya kife yana barci baki buɗe, wani mai jan hanci ya ɗaga kofi yana dariya.

To fentin mai ba ya bushewa da wuri, sai ya sha kwanaki. Tagar ɗakinsa kuwa ba ta buɗuwa. Dole ya jingine zanen a falon Gwaggo Zaratu, yayar babansa, wadda yake zaune a flat ɗinta.

Ta dawo daga aiki ta tsaya gaban abin, jaka a kafaɗa.

"Su wa ke nan?"

"Teburin mai shayi ne, Gwaggo. Na zamanin da."

"Wannan da ya kife fa?"

"Shayin ne ya yi kauri."

"Baha'u, na tsufa a garin nan. Na san giya in na gan ta. Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu ne." Ta nuna mai jan hanci da makulli. "Amma wannan da hagu yake sha."

"Haka mai zanen ya yi shi."

"To shi ma mai zanen ba a kwaɓe shi yana ƙarami ba. Jikokina 'ya'yan Fauzia suna zuwa gidan nan, da ƙyar na raba autanta da cin hagu. Ko ka gyara masa hannu, ko ku fita tare."

Ya leƙa baranda ko zai mai da zanen can, ruwa ake yi. Ya yi tunanin juya zanen gaba ɗaya kamar a madubi, sai ya tuna sauran ukun da dama suke sha, duk za su koma hagu. Ya roƙi mako guda. Ta ba shi zuwa la'asar.

Haka ya sa wuƙar fenti ya kankare hannun bawan Allah tun daga kafaɗa. Da yake ba shi da inda zai kalli na dama, Gwaggo da kanta ta zauna ta ɗaga masa kofi.

"Ka yi sauri, na ɗora miya."

"Gwaggo ɗan yi dariya mana, kamar kin sha."

"Zan zuba maka shi a kai."

Ranar Asabar Tina ta ɗora zanen kusa da hoton. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta cire tabarau.

"Wannan hannun ya fi komai kyau a zanen," in ji ta da Turanci. "Amma hannun mace ne. Kuma ba a nan yake ba."

"An yi masa transfer ne."

"Wa ya yi?"

"Daga sama aka ba da umarni."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kwaikwayo ta sa a yi, ba gyara ba. Charing Cross sai dai zango mai zuwa, in ya sake wani daga farko. Ta turo masa tarin hotuna ya zaɓa.

Ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana duba hannun kowa. Masu kati, masu rawa, wata mai zuba madara. Can ƙasa ya samu wani: mataccen kifi a faranti da rabin lemon tsami. Shi ya ɗauka.