Wanda Ya Gaji Ƙafar Tsoho

"Kowace ranar kasuwa ka sa mini giris a gwiwa, ka ɗaure mini notina. Ranar da injina ya tsaya, ƙafar taka ce," in ji Tsoho.

"Har da gwiwar?" in ji Harouna maƙeri.

"Har da ita."

Suka tafa a gabana. Ni ne shaida, don katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Tsoho a Agiye.

Tsoho direban motar haya ne a da. Ta kife da shi a hanyar Gazawa, aka yanke masa ƙafar dama, aka sa ta ƙarfe a Maraɗi. Da ya ga ƙarfe ba ya jin ƙaya, ba ya ciwon sanyi, shi ke nan ya kamu. Ya sa aka cire masa haƙora lafiyayyu, aka jera na ƙarfe. Ya maƙala na'urar ji, alhali kunnensa ƙalau. Batir a ƙugu, fitila a goshi, madubin mota a kafaɗa don hango masu gulmarsa. Ran nan muka wayi gari ya daina amsa sallama, sai dai ya danna odar motar da ya rataya a wuya.

Likita ya ba ciwon wani dogon suna da Faransanci. Ni dai ga yadda na gane shi, tunda shekarar taron ƙasa ce, kowa na zancen dimokuraɗiyya: ƙarfe ya fi nama yawa, hankali ya bi masu rinjaye.

Matarsa Maijidda ce ta iya da shi. Ba ya cin tuwo sai ta ce, "Malam, ga mai."

"Na gidan mai ko na Najeriya?"

"Na Najeriya, mai arha."

Sai ya cinye tas.

Tsoronsa ɗaya ne a duniya. "Maƙwabci," yakan ce mini, "mota ba ta shiga rami da kayanta. Kar ka bari a binne ƙarfe mai kyau. Ya ci gaba da aiki."

Shekara biyu Harouna yana zuba giris. Ana saura mako guda zaɓen shugaban ƙasa, da hantsi, Maijidda ta leƙo ta katanga. "Maƙwabci, zo. Yau ya ƙi tashi."

Muka same shi kwance, fitilar goshinsa ta yi ja.

"Ku tura ni," ya ce a hankali.

Ni da Harouna muka zaunar da shi, muka dafa bayansa, muka ɗan tura. Ya yi gurnani a maƙogwaro, ya yi murmushi.

"Ya kama."

Daga nan ya yi kalmar shahada, sarai, da muryarsa ta da.

Wajen wanka muka kwance shi kaya-kaya. Abin da ya rage ɗan mutum ne, mara nauyi. Na manta haka yake.

Ranar sadakar uku Harouna ya zo da buhu don ɗaukar ƙafar. Maijidda ta tare ƙofa.

"Ina za ka da ita? Ya yi wa matan unguwa alkawarinta. Hannun famfonmu ya karye tun bara."

"Ni ya yi wa! Ga shaida!"

"Mu ma muna da shaida," ta ce, ta nuna ni.

Gaskiya ne, a nan ma ni ne. Tsoho ya yi zama a tarukan jam'iyyu, ya koyi yadda ake alkawarin abu ɗaya ga gida biyu, ni kuwa ba a tambaye ni ba, balle in tona.

Aka kai maganar gaban liman, sai wani ya ce ai zamanin ƙuri'a ne. Aka ɗaga hannu. Maza tara a zaure, mata talatin da ɗaya a tsakar gida. Harouna ya ce an yi maguɗi, amma tunda babu wani maƙeri a unguwar, shi aka sa ya ɗaura ƙafar a famfon.

To, unguwa ta ci ruwa, Tsoho ya samu abin da yake so, Harouna ya tashi da buhu wayam.

Maijidda ban san inda zan sa ta ba, cikin masu riba ko masu asara. Famfon yana ƙara irin ta gwiwar mijinta sak. Kullum da safe takan zo da bokiti da ɗan man gyaɗa a murfin kwalba. Sai ta buga famfon ta saurari ƙarar tukuna, sau biyu, sau uku, kafin ta ɗiga masa.