Kwanon Sabulun Kaka

Kullum da sassafe, kafin ƙwarin nan masu wari su wartsake, Kaka take bin tumatirinta da kwanon ruwan sabulu. Sai ta tara kwanon, ta girgiza reshe, su zubo ciki.

Jikanta mai shagon maganin feshi ya sha yi mata tsiya: "Tsohuwa, kin cika son wahala!"

Ranar da ya ga tumatirinta jajawur, babu tabo, sai ya hau sosa ƙeya. Nasa kuwa ƙwarin sun tsotse duk da feshin.

"Kaka, wane irin sabulu ne wannan?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta miƙa masa kwanon. "Na wanki ne, maigidana. Sammakon ne ba ka sayarwa a shagonka."