Ƙwayar Sukarin Baba Tela

Shekara shida ciwon gwiwa na hana Baba Tela taka keken ɗinki. Da wani kamfanin ƙasar waje ya kawo gwajin sabon magani, ya garzaya asibiti. 'Yarsa ta karanta masa takardar amincewa, shafi talatin, ya sa hannu. Magana ɗaya ya riƙe: duk wanda ƙwaya ta yi wa amfani, za a ci gaba da ba shi bayan gwaji.

Cikin wata uku gwiwa ta warke sarai.

Ranar rufe gwaji likita ta zaunar da shi. "Baba, kai a rukunin kwatance ka faɗo. Abin da ka sha sukari ne zalla."

"To, a ƙaro mini."

"Ba magani ba ne fa."

"'Yar nan, ke kika yi ciwon ko ni?"

Ya kai kuka gaban kwamitin kare haƙƙin masu shiga gwaji. Farfesoshi bakwai suka yini suna jujjuya takardar har shayinsu ya huce. "Ƙwaya" kawai ta ce, ba ta faɗi wace iri ba, alkawari kuwa kaya ne.

Yanzu duk wata kwali na sauka daga jirgin sama, da hatimi da gargaɗin a ɓoye wa yara. Surukinsa direba, wanda ya samu maganin gaske kuma har yau yake ɗingishi, kan leƙo shago yana roƙon guda ɗaya.

"Haba," in ji Baba Tela, yana taka keke. "Sai da izinin likita."